Kama Furotin da Sakinsa: Aikin Polima Masu Jin Tsami



Duk abin da likita ya haɗa da jinin mutum, robar ƙarin ruwa ce, ko matatar wankin ƙoda, ko ƙarfen buɗe jijiyar zuciya, cikin daƙiƙoƙi furotin ke lulluɓe shi. Ƙwayoyin jinin da suka iso daga baya wannan shimfiɗa suke tararwa, ba robar ba, kuma daga nan daskarewar jini ke farawa. A shekarun 1960, Leo Vroman, masanin jini ɗan asalin Holan da ke aiki a Amurka, shi da Ann Adams, suka nuna cewa shimfiɗar ba ta zama wuri ɗaya: albumin, da yake ya fi yawa, shi ke fara sauka, fibirinojin ya ture shi, wasu kuma su zo su ture fibirinojin.

Dabarar farko ita ce hana furotin sauka kwata-kwata, ta hanyar shafa polimar PEG mai riƙe ruwa. Amma mai tace magani a masana'anta da mai ƙera na'urar gwajin cuta, buƙatarsu furotin ya kama idan sun so, ya saki idan sun gama.

A nan ma'aunin tsami, wato pH, da Sorensen ya fito da shi a Denmak a 1909, ya shigo. Kowane furotin yana da pH ɗin da cajinsa ke tashi babu: na albumin wajen 4.7, na laisozaim ɗin farin ƙwai wajen 11. Ƙasa da nan cajinsa na tarawa ne, sama da nan na ɗebewa.

To, sai a ɗauko polima irin PAA, a dasa zarurrukanta a kan gilashi ko zinariya, kowane zare an ɗaure kansa ɗaya, ɗayan yana lilo cikin ruwa. Masana na kiran wannan buroshi, kuma dabarar ATRP da aka ɓullo da ita a 1995 ta sauƙaƙa tsirar da shi. Idan pH ya yi ƙasa da wajen 4.5, zarurrukan ba su da caji, sai su kwanta. Idan ya hau, sai su saki haidirojin, su ɗauki cajin ɗebewa, su riƙa ture juna, buroshin ya sha ruwa ya kumbura. A pH 7, laisozaim mai cajin tarawa zai afka ciki. A mayar da ruwan mai tsami, jan da buroshin ke yi masa ya yi rauni.

Da a nan maganar ta tsaya, da lissafi ya yi sauƙi. A farkon shekarun 2000, Wittemann da Ballauff a Jamus suka ga albumin yana shiga buroshin PAA alhali dukansu cajin ɗebewa gare su. Dalili kuwa, jikin furotin ba caji ɗaya ba ne ko'ina; akwai ɗigo-ɗigon cajin tarawa. Da waɗannan yake kama zaren, ya 'yantar da ɗimbin ƙananan ayon da ke tsare cikin buroshin, kuma wannan 'yantarwa ce ke jawo shi. Da aka ƙara gishiri, sai albumin ya fita. Ashe makullin biyu ne: tsami da gishiri. A kan haka masu bincike a Jami'ar Luvan ta Beljiyam suka gauraya PAA da dangin PEG a fuska ɗaya, suna kama furotin suna sakinsa a kai a kai.

Sai dai jini ba ya ba da wannan dama. Tsakanin 7.35 da 7.45 jiki ke riƙe pH ɗinsa, ga gishiri mai yawa. Don haka amfanin waɗannan polima ya fi kusa a wajen jiki: tace furotin, wanke matata, da sake amfani da na'urar gwaji. A cikin jiki kuwa, sai inda pH ke sauyawa da kansa, kamar tsakanin tumbi da hanji, inda rufin Eudragit ke hana ƙwayar magani narkewa sai ta wuce tumbi.

Ɗalibai, duk wanda zai kawo mini sakamako a wannan fanni, ya rubuto pH da yawan gishiri tare. Idan babu ɗaya, ba wanda zai iya maimaita gwajin.