Labarin Angurya

Jawabin da malamin gona ya yi wa 'yan ajin yaƙi da jahilci

Na san yawancinku daga gona kuka taso, saboda haka ba zan tsare ku da dogon zance ba.

Kun ga abin da ke tafin hannuna? Angurya ce. Ba wanda bai san ta ba a cikinku. Yau labarinta zan ba ku, domin ku ga yadda masana'anta, watau gidan inji, take rage shararta, ku kuma ga inda hannunku yake a cikin wannan aiki.

Mu fara da awo. In ka kai auduga kilo 3 gidan gurza, abin da zai fito na zare kilo 1 ne da 'yan kai. Sauran kusan kilo 2 duk angurya ce. Ke nan mai gidan gurza ya biya kuɗin kashi uku, amma kashi ɗaya kaɗai yake nema. In bai san abin da zai yi da biyun nan ba, kuɗinsa ya zubar.

Kakanninmu ba su san wannan damuwa ba. Mace ta zauna da dutsenta da ɗan ƙarfenta, ta gurje abin da za ta kaɗa, ta ɗebe iri, saura ta ba tunkiya. Angurya ba ta taruwa. Inji ne ya kawo tari, kuma a ƙasar Amurka aka fara ganin haka.

A shekarar 1793 wani mutumin Amurka mai suna Ilai Witni ya ƙera injin gurza. Nan da nan noman auduga ya bunƙasa a kudancin ƙasar. Sai ga angurya tsibi-tsibi a bayan gidajen gurza, ba mai so. Ruwa ya dake ta, ta ruɓe, wari ya ishi mutane. Aladun da suka ci da yawa suka yi ta mutuwa. Da abin ya dami masu inji, sai suka shiga juye ta cikin rafi, ga shi rafin nan mutane ke sha, a ciki suke kamun kifi. Har a 1857 hukumar jihar Misisifi ta yi doka, wanda duk aka kama yana zuba angurya a rafi a ci shi tara.

To, me ya hana su matse ta? Ai sun san akwai mai a ciki. Ɓawon ne da tauri, ga gashi a jikinsa yana shanye man. Sai da aka ƙera injin da ke fasa ɓawo ya fid da ƙwayar, sa'an nan aiki ya yiwu. Duk da haka man farko bai ciwu ba, don ja ne wur har ya yi duhu, ga wari. Sabulu aka riƙa yi da shi. Waɗansu 'yan kasuwa marasa tsoron Allah kuwa suka riƙa tace shi suna gauraya shi da man zaitun, su sayar da sunan zalla. Algus ba yau aka fara shi ba, kuma ba a ƙasa ɗaya yake ba.

Masu ilmi ba su gaji ba. Suka gane in an wanke man da soda, irin wadda mata ke haɗa sabulu da ita, duhun yakan kwanta a ƙasa. A 1899 wani masani, Dauda Wesson, ya samo dabarar fid da warin da tururi mai zafi. A 1911 kamfanin Procter & Gamble ya fito da wani daskararren man girki mai suna Crisco, da man angurya aka yi shi. Abin da aka hana zubawa a rafi ya shiga tukunya, cikin shekara 54.

Yanzu kowa ya ɗauki fensirinsa, mu yi ɗan lissafi. A masana'antun Amurka, in aka zuba angurya kilo 100 a inji, ga kimanin abin da ke fitowa. Mai, kilo 16. Tunkuza, watau abin da ya rage bayan matsa, kamar dai ta gyaɗa, kilo 45. Ɓawo, kilo 27. Guntun gashin nan da ke manne da ɓawon, kilo 8. Ku tara. Malam na baya can, nawa ka samu? Madalla, 96. Ke nan abin da ke salwanta bai wuce kilo 4 cikin 100 ba.

Ko wanne kuma da mai jiransa. Mai ya tafi girki. Tunkuza da ɓawo su tafi wurin masu kiwo, wani wuri kuma a hura wutar inji da ɓawon. Gashin a yi takarda mai kyau da shi, a cusa katifa. Har baƙin gurɓin da ya kwanta sa'ad da aka wanke man ba a zubarwa, masu sabulu ke saye. Abin da ya fita ta ƙofar bayan wannan gida, shi ne kayan aikin wancan gida. Haka ake yi a masana'antu da yawa. Gidan sukari yakan ƙona busasshen raken da ya matse ya dafa ruwan da shi, kamar yadda masu mazarƙwaila ke yi tuntuni.

Mu komo gida. Wani kamfanin auduga na Ingila da aka kafa a 1902 shi ya gina gidajen gurza a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. Daga lokacin nan mu ma angurya ta fara taruwa mana. Da masaƙunmu suka durƙushe, gidajen gurza da yawa sun rufe, amma angurya da tunkuzarta ba su rasa masu saye ba. Duk mai turka rago ya sani.

A nan ne nake so ku buɗe kunne. Ba kowane abin da ya fito daga gidan inji ake ba kowace dabba ba. Ga wata ƙwaya na raba ta biyu da reza, ku miƙa wa juna. Kun ga ɗigo-ɗigon nan baƙi a ciki? Dafi ne, masana suna kiransa gosifol. Shi ya kashe aladun da na faɗa muku. Babbar saniya da tunkiya da akuya, masu tuƙa, tumbinsu yana rage masa ƙarfi, in dai ba a cika musu ba. Amma ɗan maraƙi da ɗan tunkiya da ke shan nono, tumbinsu bai yi ƙwari ba, kada a ba su. Kaji ma haka. Kazar da ta ci da yawa, gwaiduwar ƙwanta takan sāke launi. Bijimin da ake ajiye don barbara, in an cika masa, ƙarfin haihuwarsa yakan ragu. Tunkuzar da ta jiƙe ta yi fumfuna kuwa, kada a ba kowa. Irin shuka da aka shafa wa magani, ko ya yi saura, ba abinci ba ne. A jikin buhu ake rubuta gargaɗin. Da can sai ka nemi mai karanta maka. Yanzu kai za ka karanta wa maƙwabcinka.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi shafarku. Samar wa shara amfani abu ne mai kyau, amma hana ta samuwa tun farko ya fi arha. Wannan kuwa a gona yake farawa.

Akwai masu yayyafa wa auduga ruwa, ko su barbaɗa mata yashi, don ta yi nauyi a sikeli. Ba na kiran suna. Auduga mai laima, anguryarta takan yi zafi a cikin tari ta lalace. In aka matse ta, man yakan yi tsami, wurin wankewa kuma a yi asarar mai yawa. Yashi da tsakuwa su cinye haƙoran inji. Mai saye ba wawa ba ne. Baɗi sai ya karya farashin garin duka, mai gaskiya ya biya bashin mai algus.

Sai kuma buhun roba, irin na taki. Ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Zare ɗaya ya zare daga buhun ya shiga audugar. Injin gurza ba ya iya tsince shi, sai dai ya daddatsa shi ƙanana. A kaɗa shi tare da zaren, a saƙa. Ranar rini asirinsa ke tonuwa, don roba ba ta shan rini, sai a ga farin layi a tsakiyar yadi. Yadin da aka kashe wa zare da ruwa da wuta da gumin ma'aikaci ya koma na banza, ko a sayar da shi a wulaƙance. Saboda haka ku tsinci auduga bayan raɓa ta bushe. Ku zuba ta cikin kwando ko buhun yadi. Ku shanya ta kan tabarma mai tsabta. In za ku ɗaure, ku ɗaure da igiyar auduga, ba ta roba ba.

Na rubuta muku kalmomi huɗu a allo: mai, tunkuza, ɓawo, gashi. Kowa ya kwafe su da lambobinsu kafin ya tashi. Mai tambaya kuma ya ɗaga hannu, ina nan har a kira magariba.