ƊAKIN KARATU BA GINI BA NE: KIRA GA MATASAN BAGUDO

Jawabin da wani ɗan uwa ya gabatar a zaman matasa a garin Bagudo, jihar Kebbi.



An nemi in yi magana a kan ɗakin karatu, wato laburare: me ya kamata a zuba a cikinsa, kuma me za a riƙa yi a ciki. Na san wani zai ce a ransa, ina muka ga laburaren ballantana a yi maganar abin da za a sa masa? To ai nan ne gizo yake saƙar. Mun ɗauka laburare gini ne mai fenti da fanka wanda sai gwamnati ta ba da kwangila. Alhali kuwa wasu a cikinmu sun yi sakandare inda akwai ɗakin, har da allo a bakin ƙofa, amma mabuɗin yana aljihun wani malami, littattafan kuwa gara ce kaɗai take bitarsu. Aka shekara shida ba wanda ya ari ko ɗaya. Wannan kabarin littattafai ne.

Mu a ƙasar Gwandu bai kamata a ce sai an koya mana darajar littafi ba. Shehu Abdullahi bn Fodiyo, Allah Ya ji ƙansa, ya yi rubuce-rubucensa ne cikin hijira da yaƙi da tafiye-tafiye. Littafinsa Diya'ul Hukkami a Kano ya rubuta shi, yana kan hanya, saboda mutanen garin sun roƙe shi. Amma abin da nake so mu lura da shi shi ne: bayan ya gama babban tafsirinsa Diya'ut Ta'awili, sai ya sake rubuta wani taƙaitacce, Kifayatu Du'afa'is Sudan, domin waɗanda ba za su iya ɗaukar babban ba. Ka ga malamin da ya duba mai karatu kafin ya miƙa masa littafi. Mu kuwa da an ce a sayi littafi sai mu ruga mu kwaso manyan mujalladai masu ruwan zinare a bango, a jera don ado, yaro ɗan shekara goma sha biyu ya shigo ya rasa abin da zai taɓa.

Saboda haka a fara daga ƙasa. Alƙur'ani mai girma da tarjamarsa ta Hausa, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Arba'una Hadisi, da littattafan tarihin Annabi (S) masu sauƙi. Sannan littattafan su Shehu Usmanu da aka fassara, irin su Nurul Albabi. A haɗa da Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kada wani ya ce waɗannan tatsuniya ce, ɓata lokaci ne. Yaron da bai taɓa gama littafi ɗaya don daɗinsa ba, da wuya ya yi haƙurin gama Risala. Sai lissafi da Turanci da kimiyya, da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO, waɗanda suna nan jibge a ɗakunan yayyenmu, ɓera yana ci.

Sai kuma abin da ya keɓanta da mu, mutanen bakin iyaka. Wanda yake Tsamiya ya fi kusa da Segbana a kan Birnin Kebbi. Mutanen Lolo da Illo suna da dangi a Jamhuriyar Benin, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, yau naira gobe sefa. Yaran can da suke zuwa makarantun allo a nan, wanda ya yi boko a cikinsu da Faransanci ya yi, namu kuma da Turanci. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba mu har a haruffa. Abin da bai rabu ba shi ne Larabci da ajami. Don haka laburaren da ba shi da rubutun ajami ya kori dattawa da almajirai da baƙinmu na ƙetare gaba ɗaya. A nemi kuma ƙamus na Faransanci ko guda ɗaya da littattafan koyonsa, domin ɗan Bagudo da yake jin Faransanci ba a cutarsa a takardar ciniki. Kuma kada mu manta ba Hausa kaɗai ake ji a nan ba. Akwai Fulatanci, akwai Dandanci da Zabarmanci, akwai Busanci. In an karanta littafi, a samu mai fassara wa jama'a da baki.

To ina za a ajiye? Adaka ɗaya ta ƙarfe ta isa a fara, a zauren makarantar Islamiyya. A ɗora ta a kan bulo ko benci, kada ta taɓa ƙasa, domin duk wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san abin da kogin Kwara yake yi in ya tumbatsa. A sa busasshen ganyen dogon yaro saboda ƙwari, a riƙa shanya littattafan bayan damina. Mabuɗi ya zama biyu a hannun mutum biyu. A sami littafin rajista: sunan mai aro, unguwarsu, ranar ɗauka, ranar maidowa. Mako biyu ya isa. Kuma wallahi 'yan uwa, mu ne muka fi kowa cin amanar littafi. Mutum ba zai taɓa kuɗin masallaci ba, amma zai riƙe littafin jama'a shekara uku yana cewa ai ilimi ne. Aro amana ne, za a tambaye ka.

Amma littafi a adaka bai karanta kansa. Abin da yake raya laburare shi ne zama. Alhamis da Juma'a babu Islamiyya, to a yanki awa ɗaya bayan la'asar ranar Alhamis, babba ya karanta wa yara da ƙarfi, ya tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, ya rufe. Za ku ga mako mai zuwa sun riga shi zuwa. Ga matasa kuma, a ɗauki littafi ɗaya a wata, kowa ya zo ya faɗi abin da ya fahimta, a yi muhawara cikin ladabi. A sa yara su je wurin kakanninsu su rubuto tarihin unguwarsu, ko yadda ake noman shinkafar fadama, ko sunayen kifayen kogi, a ɗinke takardun a sa a adaka. Shi ke nan mun fara rubuta namu. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, ga shi da yawan ƙannenmu ranar jarrabawa suke fara taɓa ta. Duk mai kwamfuta a cikinmu ya ba da aronta awa biyu a mako, Allah Zai ba shi lada.

Akwai kuma waɗanda ba za su iya zuwa ba: 'yan rugage a wajen Ka'oje, mutanen tungaye a bakin kogi, da iyayenmu mata da ƙannenmu a cikin gida. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su san hanya da kansu ba. Ta naɗa jajis, su ne suke kai karatu ƙauyuka su kuma rako mata zuwa gare ta, aka kira su 'Yan Taru. Mu muna da babura. Babur ɗin da yake ɗaukar jarkoki da buhuna ya ratsa daji cikin dare, yaro ya bar aji saboda kuɗin kwana ɗaya, shin zai gaza ɗaukar littafi ashirin ranar kasuwa? Lokacin da aka rufe iyaka a 2019 kowa ya ga yadda waccan sana'a take tsayawa dare ɗaya, samari suka yi zaune ba karatu ba aiki. A haɗa jaka, a damƙa wa amintacce a kowane ƙauye, a musanya ta bayan wata. Jakar mata kuma a ba malamar Islamiyya, ita ta san gidajen.

Abin da muke nema a yau kaɗan ne. Kowa ya duba ɗakinsa ya kawo littafi ɗaya ranar Juma'a mai zuwa, ba yagagge wanda yake neman rabuwa da shi ba. Muna neman mutum biyu masu riƙe rajista, da mutum huɗu masu karanta wa yara, kowa Alhamis ɗaya a wata. Masu babur da suka yarda su ɗauki jaka su tsaya bayan addu'a a rubuta sunayensu da ƙauyen da suka saba bi.