Kaska da zazzaɓi: yadda aka bi sawun wata cuta



Yau zancenmu na kaska ne. Kun san ta, kaska raɓi mai jini, wadda muke gani a kunnen kare da hantsar saniya. Amma labarin daga Amurka zai faro.

A 1990, a jihar Wisconsin, wani mutum ya rasu da zazzaɓi mai tsanani, mako 2 bayan kaska ta cije shi. Da aka duba jininsa, sai aka ga wasu ƙananan ƙwayoyin cuta sun dunƙule cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne tsaron jiki. Sai a 1994 masu bincike suka bayyana cewa sabuwar cuta ce ga ɗan adam. Ita ce yau ake kira anaplasmosis. A Turai ma an tabbatar da ita, a ƙasar Silobeniya, a 1997.

To yaya suka bi sawunta? Da farko sun sa ta cikin cututtukan da dole a kai rahotonsu. Likita ya gani, ya sanar da hukumar lafiya ta jiha, jiha ta tura wa cibiyar CDC. A 2000 an ƙirga mutum 348. A 2017, mutum 5,762. Na biyu, masu bincike suna jan farin ƙyalle bisa ciyawa, kaska ta manne, su kai ta labo su auna. Na uku, likitocin dabbobi suna awon jinin karnuka, don kare ya fi mai gidansa shiga cikin haki. Da haka aka ga cutar tana hawa arewa har cikin Kanada, yayin da barewa ke yawaita, sanyi kuma yake raguwa. Wani ɓangare na ƙaruwar lissafin kuwa, likitoci ne suka koyi nemanta.

Yanzu ku saurari alamominta: zazzaɓi, ciwon kai, rawar sanyi, ciwon jiki, mako 1 zuwa 2 bayan cizo. Wa zai ji wannan a Maraɗi bai ce palu ba ne? Alhali maganin palu da muka saba sha ba ya kashe ta. Doksisiklin ne maganinta, kuma jinkiri yana iya kai tsoho ko mai raunin jiki lahira.

Kada a fahimce ni a karkace. Irin kaskar da ke yaɗa ta a Amurka ba ita ce ta garkenmu ba. Ƴar uwarta da ke kama shanun Afirka, jinin saniya take ci. Darasin da ya shafe mu shi ne na ƙirga. Ku tuna 2016 a Cintabaraden, jihar Tawa: bisashe na ɓari suna mutuwa, makiyaya na faɗuwa da zazzaɓi, sai da aka kai jini cibiyar Pasteur ta Dakar aka tabbatar zazzaɓin Rift ne. Dabbobi sun riga mutane ba da labari.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. In an yi maka awon palu a CSI bai nuna ba, zazzaɓi kuma bai sauka ba, koma, kada ka tsaya ga mai tallan magani. Gaya wa ma'aikacin lafiya in kaska ta cije ka ko ka taɓa jinin dabba. In ka ga kaska a jikinka, sa matsefata ka kama ta dab da fata ka ja a hankali, kada ka murje ta da farce, ka wanke wurin da sabulu.

Ga mahukunta kuma, mu riƙa tambaya: mutum nawa suka zo da zazzaɓi awon palu bai nuna ba? Ina aka rubuta su? Shin ma'aikatan kiwo da na lafiya suna musayar labari? Haƙƙinmu ne mu ji amsa.

Allah ya ba mu lafiya.