Yadda Hankalin Yaro Yake Girma

Jawabin da aka gabatar a taron iyayen yara na ƙungiyarmu a Sabo, Ibadan



An ce in yi magana a kan yadda hankalin yaro yake girma, da abin da masana suka gano game da shi. Dalilin zaɓen wannan magana kuwa duk mun san shi. Kukan da ake yawan ji a unguwar nan shi ne: an sa yaro makarantar nasare tun yana shekara 3, ana biyan kuɗi masu yawa, ga shi ya kai 5 bai iya rubuta ɗaya zuwa ɗari ba. Uba ya ce yaron daƙiƙi ne, uwa ta ce malamai ne ba sa aiki, daga nan sai bulala. Wasu kuma sai su ce ai Hausar da ake yi a gida ce take rikita shi, saboda haka a daina, a koma Turanci. To, kafin a yanke wa yaro hukunci, ya kamata a san abin da kansa zai iya ɗauka a shekarun da yake ciki.

Mutum na farko da zan kawo maku shi ne Jean Piaget, sunan da ake furtawa Fiyaje, mutumin ƙasar Suwizalan. An haife shi a 1896, ya rasu a 1980. Asalin karatunsa ma ba na yara ba ne, a kan dodon koɗi da danginsa ya yi digirinsa. Wajen 1920 ya sami aiki a birnin Faris, inda ake gwada ƙwaƙwalwar 'yan makaranta da tambayoyi. Sauran ma'aikata suna ƙirga amsar da yaro ya ci. Shi kuwa sai hankalinsa ya koma kan amsar da yaro ya faɗi, domin ya lura yara masu shekaru ɗaya kuskure iri ɗaya suke yi, kamar sun haɗa baki. Daga nan ya ce lallai wannan ba rashin wayo ba ne, yaro yana da tasa hanyar tunani dabam da ta babba. Ya shafe shekaru yana lura da yara, har da 'ya'yansa uku tun suna cikin tsumma.

Akwai gwajinsa guda da kowa zai iya yi yau da daddare. Ku sami kofi biyu na gilashi iri ɗaya, ku zuba koko daidai wa daida, ku kira yaro ɗan shekara 4 ko 5 ku tambaye shi. Zai ce daidai suke. Yana kallo, ku juye ɗaya a cikin wani kofi dogo siriri. Ku sake tambaya wanne ya fi yawa. Yawanci zai nuna dogon, har ya yi rigima in aka ba ƙanensa. Ko ku jera goro biyar a layi, wasu biyar a ƙarƙashinsu, sannan ku wara na ƙasan ya yi tsawo. Zai ce na ƙasa sun fi yawa, ko da kuwa yanzun nan ya gama ƙirga su. Ku kira yayansa ɗan shekara 8, dariya zai yi, ya ce ai ba a ƙara ba, ba a rage ba, in an mayar da shi kofin farko daidai zai koma. Wannan "in an mayar" ɗin ita ce ƙaramin bai samu ba tukuna. Idonsa yana kan tsawo kaɗai, bai iya haɗa tsawo da faɗi a lokaci guda, kuma bai iya mayar da aiki baya a cikin kansa. Ba wanda ya zauna ya koya wa yayan wannan a aji, ba kuma bulalar da za ta sa wa ƙanen ita kafin gobe.

Fiyaje ya kasa girman hankali mataki huɗu. Daga haihuwa zuwa shekara 2 yaro da hannu da baki yake sanin duniya, shi ya sa kome ya samu sai ya kai baki. Hausawa ma sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Daga 2 zuwa 7 magana ta zo, ga wasan 'yar tsana da motar langa-langa, amma ido yana rinjayar lissafi, kamar dai yaron kokon nan. Daga 7 zuwa 11 yana iya tunani mai tsari a kan abin da yake gani ko yake taɓawa. Daga 11 ko 12 ne ya fara iya tunani a kan abin da ba ya gabansa, irin su "da a ce" da "in haka ne, to". Ku lura, shekara bakwai ɗin nan ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce shekarar da aka umarce mu da fara sa yara salla.

Kun ga ke nan, ɗan shekara 4 da yake rera ɗaya zuwa ɗari da Turanci waƙa yake yi, ba lissafi ba. Ku ce ya miƙo maku cokali shida ku gani. Wanda aka bar shi yana raba dabino ga 'yan'uwansa, kowa biyu-biyu, ya fi shi kusa da lissafi, ko da bai taɓa riƙe fensir ba. Da rarrafe yaro kan tashi.

Amma fa ba a bar Fiyaje haka ba, na bayansa sun yi masa gyara, kuma gyaran yana da amfani gare mu. A 1974 wasu masana biyu a Edinbara, McGarrigle da Margaret Donaldson, suka sake gwajin jeri da yara 80 'yan shekara 4 zuwa 6. Sai dai wani lokaci maimakon babba ya wara layin da hannunsa, sai a sa wata 'yar tsana "mai ɓarna" ta zo ta hargitsa shi kamar da tsautsayi. Da babba ya wara, yara 13 ne kawai suka tsaya a kan cewa daidai ne. Da 'yar tsana ta wara, sai ga 50. Me ya faru? Yaro yana karanta nufin babba. In babba ya taɓa abu sannan ya sake yin tambayar da ya riga ya yi, yaro sai ya ɗauka amsarsa ta farko ce ba a so, ya canza. Haka Patricia Greenfield ta gani a Sanigal, a binciken da aka buga a 1966, wajen yaran Wolof da ba su shiga boko ba: wasu suna cewa ruwan ya ƙaru ne don ita ce ta zuba, amma da aka bar su suka zuba da kansu, da yawa suka ce daidai yake. Mu da muke tarbiyyar yara a kan kada su musa wa babba, wannan ya shafe mu ƙwarai. Sau da yawa shirun yaro a gaban malami kunya ce da tsoro, ba rashin sani ba.

Ga kuma wani daga Barazil, a garin Recife, 1985. An bi wasu yara masu sayar da kwakwa da lemo a bakin titi, aka yi ciniki da su kamar masu saye. Kusan duk lissafin kuɗi da canji sun ci, wajen kashi 98 cikin ɗari. Aka rubuta masu lissafin nan dai a takarda irin ta makaranta, ba kwakwa ba ciniki, sai suka ci ƙasa da kashi 40. Ba ina yabon talla ba ne, illarta ga 'ya'yanmu mata ba ɓoyayya ba ce. Abin da nake nufi shi ne yarinyar da take ba da canji daidai a kasuwa, ta zo ta faɗi lissafi a aji, ba a ce da ita ba ta da kai. Ba a haɗa mata abin da ta sani da abin da ake rubutawa a allo ba ne.

Mutum na biyu shi ne Lev Vygotsky, mu ce Bigoski, ɗan ƙasar Rasha. Shekara ɗaya aka haife su da Fiyaje, amma shi bai daɗe ba, tarin fuka ya kashe shi a 1934 yana da shekara 37, kuma sai a 1962 aka fitar da babban littafinsa da Turanci. A nawa ganin, maganarsa ta fi kusa da rayuwarmu. Ya ce hankalin yaro ba shi kaɗai yake gina shi ba, a tsakanin mutane yake samo shi. Akwai abin da yaro zai iya shi kaɗai, akwai wanda ba zai iya ba ko an taya shi, a tsakaninsu kuma akwai wanda zai iya in wanda ya fi shi ya ɗan kama masa. A wannan tsakiyar ake koyarwa. In ka ba shi abin da ya riga ya iya, ka ɓata masa lokaci. In ka ba shi wanda ya fi ƙarfinsa nesa, ka koya masa ƙin karatu.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan ba tare da an gaya masa sunan Bigoski ba. Malam ko gardi ya biya maka, ka bi bakinsa, gobe ya ja maka baƙin farko kawai ka ƙarasa, jibi ka biya da kanka, sannan a ce ka wanke. Ba a kai yaro farfaru bai gama babbaƙu ba. Haka uwa take koya wa 'yarta tuƙin tuwo: ta riƙe muciya tare da ita, sannu a hankali ta saki. Jerome Bruner da abokan aikinsa a 1976 sun kamanta irin wannan taimako da katakan da magina suke kafawa su taka, gini yana tashi ana cire su. Kuskurenmu iri biyu ne. Wani uban ba ya kafa katakon sam, sai dai ya ce "je ka yi aikin gida". Wata uwar kuma don tausayi ita take rubuta aikin gaba ɗaya, ko ta sa yayansa ya rubuta, malami ya ba da maki goma, yaro bai ƙaru da kome ba.

Bigoski ya kuma yi magana a kan yaron da yake surutu shi kaɗai in yana wasa, "wannan nan, a'a, wancan tukuna". Iyayenmu mata, don Allah a daina tsorata, ba iska ba ce, ba a bukatar hayaƙi. Maganar da ya ji manya suna yi masa ce yake yi wa kansa don ya tsara aikinsa, kuma wajen shekara 7 sai ta koma ciki ta zama tunani. Wato da maganar da aka yi da yaro ake gina abin da zai yi tunani da shi. Yaron da duk tambayarsa amsarta "yi mana shiru", an rage masa kayan aiki.

Wannan ya kawo mu kan harshe. Yaron Sabo yana tashi da Hausa a gida, Yarbanci a kan titi, Turanci a makaranta, Larabci a Islamiyya. Wasu suna ganin kaya ya yi masa yawa. Da can Turawa ma haka suka ɗauka, sai a 1962 Peal da Lambert suka gwada yara 'yan shekara 10 a Montreal ta Kanada, suka tarar masu Faransanci da Turanci ba su gaza masu harshe ɗaya ba, a gwaje-gwaje da dama ma sun fi su. Masana suna muhawara a kan ko harshe biyu yana ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, amma sun yarda ba ya rage ta. Yaro ɗan shekara 3 da yake cakuɗa Hausa da Yarbanci a jimla ɗaya ba ruɗewa ya yi ba, zai rarrabe su da kansa.

Ba ma sai mun je Kanada ba. A nan Ile-Ife, kusa da mu, marigayi Farfesa Babs Fafunwa, wanda ya riƙe ministan ilimi daga 1990 zuwa 1992, ya jagoranci wani gwaji da aka fara a 1970. An koyar da wasu yara dukan darussan firamare na shekara shida da Yarbanci, Turanci kuwa aka bar shi darasi guda a hannun ƙwararren malami. Da aka auna su da waɗanda aka juya wa Turanci tun suna tsakiyar firamare, ba a bar su a baya ba, har a Turancin kansa, a wasu darussan kuma su ne a gaba. Maƙwabtanmu ke nan, da harshensu.

Mu a nan ba mu da makarantar gwamnati da za ta koyar da 'ya'yanmu da Hausa, saboda haka gida ne kaɗai inda yaro zai ji magana mai zurfi da harshen da iyayensa suka fi ƙwarewa a kai. Uwar da ta bar Hausa ta koma 'yan kalmomin Turancin da ta tsinta, "zo", "tafi", "zauna", "bari", ba ta ƙara wa ɗanta Turanci ba, ta dai hana shi tatsuniya da kacici-kacici da bayanin dalilin abubuwa, waɗanda da Hausa za ta iya ba shi har ya ƙoshi. In ya dawo daga makaranta, ki ce ya gaya miki da Hausa abin da aka koya masu yau. In ya iya faɗa, ya gane. In ya kasa, kin san inda za ki gaya wa malaminsa ya sake bi, ko ki sa yayansa ya zauna da shi.

Na ga shugaba yana duban agogo, kuma an ce akwai masu tambaya, to bari in tsaya nan.