Rana, Ƙwarya da Ƙashin Uwa: Lafiyar Mace Bayan Ɗaukewar Al'ada

Shugabanni, malamai, ma'aikatan asibiti, ɗalibai masu koyon aikin lafiya, da iyayenmu mata da suka baro ayyukansu suka zo, ina gaishe ku, sannunku da zuwa.

Tungan Magajiya gari ne da ya daɗe da sanin asibiti, tun zamanin mishan, kuma har yau daga nan ake yaye matasan da ke riƙe ƙananan asibitoci a Rijau da Kontagora da sauran sassan Jihar Neja. Shi ya sa na zaɓi in yi maganar wata mara lafiya da za ku riƙa gani kullum, amma ba a cika tanadar mata komai ba. Mai ciki tana da ranar awo. Jariri yana da ranar rigakafi. Matar da ta kai hamsin, wadda ta gama haihuwa, ba ta da rana. Tana zuwa ne da ciwon baya da gwiwa, da zafin da ke taso mata cikin dare har zufa ta jiƙa zane, sai a ce mata "girma ne, Mama," a ba ta maganin ciwon jiki ta koma gida.

Yawancin mata al'ada tana ɗauke musu ne tsakanin shekara 45 da 55. Abin da ke faruwa a ciki shi ne raguwar sinadarin istirojin. Wannan sinadari ba haihuwa kaɗai yake kula da ita ba. Ƙashi abu ne mai rai, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo, kuma istirojin ne ke taka wa rushewar birki. Idan ya ja baya, rushewa takan fi gini sauri, musamman a shekarun farko. A lokaci guda kitse yakan bar cinya da ɗuwawu ya koma ciki, tsoka ta ragu, jiki ya rage jin umarnin insulin. Daga nan ne hawan jini da ciwon sukari suke samun ƙofa.

To ina bitamin D ya shigo? Fatarmu ce ke haɗa shi idan hasken rana ya taɓa ta, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta ƙarasa. Babban aikinsa shi ne taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Baƙar fata tana buƙatar lokaci a rana fiye da farar fata, fatar tsofaffi ba ta haɗa shi kamar ta yara, kuma kitse yana riƙe shi ya hana shi yawo a jini. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya yin wannan aiki.

Wani zai ce, mu da rana ke dafa mu a watan Maris da Afrilu, me ya haɗa mu da wannan? A 2020 mujallar Lancet Global Health ta buga nazarin da ya tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka, aka ga kusan mutum ɗaya cikin uku yana da ƙarancin bitamin D, kuma abin ya fi yawa a birane da tsakanin mata. Mace Badukkiya ko Bakambariya da ke yini a gona da wuya ta rasa rana. Amma ku dubi hajiyar cikin gari, wadda aka rufe tsakar gidanta da kwano, take fita a lulluɓe cikin mota ko Keke, ta dawo ɗaki. Ba ina cewa kowa ta ajiye hijabi ba. Gidan Bahaushe na asali ya riga ya warware matsalar: tsakar gida buɗaɗɗe, inda mace take daka da shanya da tsifa, hannu da ƙafa a waje, babu baƙon ido. Sabon ginin da muke yayi ne yake toshe wannan sararin.

Sai dai ina so ɗalibai su saurara da kyau a nan, domin wannan ce zuciyar laccar. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun yi nazarin yaran da ƙafafunsu suka gwame ko suka bauɗe. A littattafan Turai, wannan ciwo na rashin bitamin D ne. Amma abin da suka buga a 1999 a mujallar New England Journal of Medicine ya nuna cewa yaran da aka ba kalsiyam, da bitamin D ko babu shi, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Abin da yaran ke samu a abinci kimanin miligiram 200 ne na kalsiyam a rana. Daga baya ma sun gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, ya yi aiki. Binciken a kan yara aka yi, ba a kan iyaye ba, wannan gaskiya ne. To amma daga tukunya ɗaya ake kwashe wa yaro da kakarsa. Bitamin D tamkar magini ne. Komai gwanintarsa, idan ba a kawo masa bulo ba, katanga ba za ta tashi ba. Masana a Amurka sun ƙayyade wa macen da ta haura hamsin miligiram 1,200 na kalsiyam a rana. Ku auna wannan da tuwon masara da miyar da ruwa ya fi yawa a cikinta.

Akwai ƙari. Dawa da gero da masara suna ɗauke da wani sinadari da ke kama kalsiyam a hanji ya hana shi shiga jiki. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu da koko, yana rage ƙarfin wannan sinadarin. Kakanninmu ba su karanta wannan ba, amma sun yi shi.

Kalsiyam ɗin kuwa yana nan kewaye da mu. Kuka tana cikin ganyayen da suka fi shi yawa, matuƙar an zuba ta da kauri. Ga zogale, ga riɗi, ga nono da kindirmo da Fulani ke kawowa kasuwa. Ga ƙananan kifi na Yawuri da tafkin Kainji, waɗanda ake ci har da ƙaya. A daka su a zuba a miya. Bitamin D a abinci kaɗan ne, ana samunsa a gwaiduwar ƙwai da hanta da kifi mai maiƙo irin su titus da sadin. Kanwa kuma ba kalsiyam ba ce, danginsu ɗaya da gishiri, mai hawan jini ta yi hattara da ita, ta rage dunƙulen ɗanɗano, ta koma wa daddawa.

Abin da ya fi damuna ba rashin waɗannan abubuwa a kasuwa ba ne, rabon cikin gida ne. Maigida ake fara zuba wa, da tsoka da kan kifi. Sai yara. Uwa takan ci abin da ya rage, sau da yawa ƙanzo da romo. Matar da ta yi ciki bakwai ko takwas, ta shayar da kowane kusan shekara biyu, a haka ta iso hamsin. Iyayena maza da ke nan, ƙwaryar nono ta uwargida da ƙwai biyu ko uku a mako ba almubazzaranci ba ne. Kuɗin ɗorin ƙashin ƙugu ya ninka wannan sau ba adadi, kuma tsohuwar da ta karye a ƙugu ba kasafai take komawa yadda take ba.

Yanzu maganar ƙwayoyi, tunda an fara tallarsu a waya ana cewa suna maganin komai. An gwada, kuma gwaji mai girma. A Amurka, binciken VITAL ya ba mutum sama da 25,000 ko dai bitamin D ko ƙwayar da ba komai a cikinta, tsawon kimanin shekara biyar. Bai rage ciwon zuciya ba, bai rage kansa ba, bai rage karaya ba. Wani binciken na 2019 mai suna D2d ya yi irin wannan gwaji a kan mutum 2,423 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Bambancin da aka gani ƙarami ne. Tun 2006, nazarin mata sama da 36,000 da suka daina al'ada ya nuna ƙwayar kalsiyam da bitamin D ta ɗan ƙara ƙarfin ƙashin ƙugu, amma ta ƙara tsakuwar ƙoda. Galibin waɗanda aka gwada ba su da ƙarancin tun farko, don haka wadda ke da ƙaranci na gaske, ko tsohuwar da ba ta iya fita daga ɗaki, tana amfana, kuma likita zai rubuta mata. Adadin bitamin D da ake so a rana shi ne IU 600, bayan shekara 70 kuma 800. Zarce 4,000 ba da umarnin likita ba ganganci ne, domin jiki yana tara shi.

Ku kwatanta da wani binciken na 2002, shi ma a Amurka, inda masu hatsarin ciwon sukari suka rage ƙiba kaɗan, suka riƙa tafiya da sauri minti 150 a mako. Kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Babu ƙwayar bitamin da ta kusanci wannan. Tafiya zuwa kasuwa, shara, aikin lambu, duk suna gina tsoka kuma suna sa ƙashi ya riƙe ƙarfinsa. Wannan al'adar ta cewa da zarar an yi suruka sai uwa ta zauna a tabarma, ana kawo mata shayi mai sukari cokali huɗu da lemon kwalba, gata ne da ke cutarwa.

Dole in ambaci wani abu da ke ci mini rai. Ana sayar wa mata haɗin ƙwayoyi na ciwon gwiwa, da waɗanda ake kira "sha ka fashe" don ƙiba, kuma sau da yawa akwai desametason a ciki. Yana kwantar da ciwo nan take, shi ya sa ake son sa. Amma shan sa na tsawon lokaci yana zaizaye ƙashi, yana tayar da sukari da jini. Ku tambayi kowace mace abin da take sha, ku ce ta kawo ledar ku gani da idonku.

Ga roƙona gare ku, ɗalibai. Gwajin bitamin D a jini yana da tsada, ba kuma kowane asibiti ke yin sa ba, kada ku jira shi. Tef ɗin tela ya isa auna ƙugu. Idan na mace ya kai santimita 80, a fara magana. Ku auna jini, 140 bisa 90 ko sama da haka yana buƙatar bibiya. Ku duba sukari kafin karin kumallo. Ku tambaye ta me ta ci jiya, ba me aka dafa a gidan ba. Ku tambaye ta ko ta taɓa karyewa daga ƙaramar faɗuwa, ko ta lura tsawonta yana raguwa. Idan kuma jini ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, wannan ba al'ada ba ce ta dawo, a tura ta babban asibiti ba tare da jinkiri ba.

Ga shugabannin asibitocinmu kuma, ina neman abu ɗaya: a ware rana guda a wata domin matan da suka haura arba'in da biyar, a sanar a masallatai da coci-coci da makarantun Islamiyya da ranar kasuwa, a kuma rubuta abin da aka auna a littafi. Bayan shekara guda za mu sami alƙaluman matan ƙasar Rijau na kanmu, waɗanda za mu kai wa ma'aikatar lafiya a Minna.