Kafin A Haye Gadar Gamboru

Wannan shi ne jawabin da aka karanta a Bauchi, a gaban wani taro na fatake da direbobi da 'yan tireda waɗanda suka hauro daga Kurmi da niyyar wucewa Barno. An buga shi a wannan shafi domin amfanin 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anaca da Fatakwal, tun da yake maganar ta shafe su su ma.

Ga abin da ya tara mutane a nan.

Duk mutumin Arewa da ya daɗe a Kurmi ya san akwai ranar da saƙo zai iske shi daga gida, irin wanda ba a ƙin amsawa. Wani mahaifinsa ne ya kwanta ciwo, wani ƙanwarsa za a aurar, wani kuwa dillalinsa ne ya aiko cewa shanu sun shigo daga Cadi, farashi kuma ya faɗi. Idan gidan nan ko kasuwar nan a Kano take ko Azare, sai mutum ya ɗaure kayansa ya nufi tasha. Amma idan a Gamboru take, ko a Fotokol da ke ƙetaren gada, to, sai zuciya ta rabu biyu. Uwargida ta ce kada a je, abokan ciniki su ce ai hanya ta yi kyau, shi kuwa mai tafiya ya rasa wanda zai saurara. Wannan jawabi domin irin wannan mutum aka shirya shi.

GARIN DA HANYARSA

Gamboru da Ngala garuruwa biyu ne da suka kusa haɗewa, a gabashin Jihar Barno, a bakin iyakar Nijeriya da Kamaru. Kogin El Beid ne ya raba Gamboru da Fotokol, gada kuwa ta haɗa su. Daga Maiduguri zuwa can kimanin kilomita 140 ne, ta Mafa da Dikwa. Wanda ya haye gadar ya ci gaba gabas zai isa Kusiri, daga nan ya ƙetare kogin Logone ya shiga Injamena, babban birnin Cadi. Ya kamata baƙo ya lura, akwai wata kasuwa a cikin Maiduguri da ake kira Kasuwar Gamboru, ita dabam, garin bakin iyaka kuma dabam.

Hanyar nan tsohuwa ce ƙwarai. Ita alhazan ƙasar Hausa suka riƙa bi da ƙafa da jakuna, daga bisani da manyan motoci, su ratsa Cadi da Sudan har bakin Bahar Maliya. A Dikwa Rabe ya kafa hedkwatarsa bayan ya ci Barno a 1893, a Kusiri kuwa Faransawa suka kashe shi a watan Afrilu na 1900. A 1980, sa'ad da sojojin Gukuni Waddai da na Hissene Habre suka yi wata da watanni suna gwabzawa a cikin Injamena, dubban mutane ta wannan yanki suka tsere, wasu suka tsaya Kusiri, wasu suka zarce Nijeriya. Watau dai tun kaka da kakanni arziki da wahala tare suke bin wannan hanya.

Har wa yau, ta nan ne shanun Cadi da yawa suke shigowa, su bi ta Maiduguri da Potiskum, a loda su a tireloli zuwa Agege da Badun. Saboda haka mahaucin da ke Ikko, ko bai taɓa ganin Gamboru ba, abincinsa yana da alaƙa da gadar nan.

ABIN DA YA AUKU

Ba daidai ba ne a ɓoye wa matafiyi gaskiya. Ran Litinin 5 ga watan Mayu 2014, mako uku cif bayan sace 'yan matan makarantar Chibok, 'yan Boko Haram suka auka wa Gamboru, suka buɗe wuta a kasuwa, suka ƙone rumfuna da gidaje da motoci. An ƙiyasta waɗanda suka rasu wajen mutum 300. A watan Agusta na wannan shekara suka kama garin ɗungum, jama'a suka tsallaka Fotokol gudun hijira. A farkon Fabrairu 2015 sojojin Cadi suka hayo gadar suka fatattake su, amma washegari sai maharan suka zagaya suka faɗa wa Fotokol, suka kashe mutane da dama. A watan Satumba 2015 sojojin Nijeriya suka karɓe garin, a watan Yuli 2016 kuma aka sake buɗe hanyar Maiduguri zuwa Gamboru, motoci suka riƙa tafiya a ayari da rakiyar soja.

Tun daga lokacin mutane suka fara komawa, kasuwa ta sake ci. Amma ba a ce wuta ta mutu sarai ba. Ran 6 ga watan Janairu 2020 wani abu ya fashe a kan gadar kanta, a tsakiyar masu saye da sayarwa, ya hallaka mutane da dama. Ran 28 ga watan Afrilu 2025 kuwa nakiyar da aka binne a hanyar Rann zuwa Gamboru ta kashe matafiya 26, har da mata da yara.

Kada wannan ya sa wani ya ɗauki mutanen Gamboru a kan mutanen fitina. Barebari ne da Shuwa da Kotoko da Hausawa da Fulani, masu neman halaliyarsu, su ne kuma suka fi kowa shan wuya. Mutanen Bauchi sun fi kowa cancantar fahimtar haka, gama a nan garin ne, a ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, aka fara ba-ta-kashi ran 26 ga watan Yuli 2009, kafin abin ya bazu zuwa Maiduguri. A watan Satumba 2010 kuma aka fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni fiye da 700 suka fice. Bauchi da Barno ma jiha ɗaya suke daga 1967 zuwa 1976. Abin da ya sami ɗaya ya sami ɗan'uwansa.

INDA HAƊARIN YA FI YAWA

Wanda ya dubi waɗannan al'amura da idon basira zai ga abu guda. Tun da hukuma ta karɓe garin, inda ya fi ban tsoro shi ne hanya, da kuma wuraren da jama'a suke cunkushewa. Cikin gari akwai soja da 'yan sanda da 'yan ƙato da gora. Daji kuwa faɗi gare shi, babu rundunar da za ta tsare kowane taku. Mahara sun san mota tilas ta bi hanya, don haka a nan suke binne nakiya, a nan suke kwanton ɓauna.

Haɗarin kuwa tun kafin Maiduguri yake farawa. Daga Bauchi zuwa Maiduguri ta Darazo da Kari da Potiskum da Damaturu ya haura kilomita 450. A watan Satumba 2013 wasu mutane sanye da kayan soja suka datse hanya a Benisheikh, suka kashe matafiya fiye da 140. Ran 9 ga watan Fabrairu 2020 kuma wasu matafiya suka iso Auno, dab da Maiduguri, bayan an rufe shingen shiga gari, suka kwana cikin motocinsu a bakin hanya. Da dare aka far musu, aka ƙone motoci, aka kashe aƙalla mutum 30. Laifinsu kawai shi ne sun makara. Direban da ya tsaya hira a Potiskum har la'asar, ya tuna da Auno.

TAMBAYA TA FARKO

Kafin maganar yadda za a je, akwai maganar ko ya wajaba a je. Tafiya iri uku ce. Akwai wadda babu makawa, kamar jinyar iyaye ko ɗauko iyali. Akwai ta ciniki, wadda sau da yawa amintaccen dillali a Maiduguri ko Potiskum zai iya ɗauke wa mutum, ko da riba za ta ragu. Akwai kuma ta ganin ƙwaƙwaf, ko ta jin kunyar kada a ce wane ya ji tsoro. Ta ukun nan a bar ta. Ta biyun a auna ta da kyau, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma ribar tirela guda ba ta biyan ran magidanci mai 'ya'ya bakwai a Sabon Badun. Ta farkon ce kaɗai ake cewa a tafi, amma da shiri.

Wasu sukan ce ai kwana ba ya ƙarewa sai ranarsa. Gaskiya ne. Amma malamai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa.

SHIRIN TAFIYA

Na farko, labari. Labarin da aka ji a Agege makon jiya ya riga ya tsufa. Halin hanyar nan yana sakewa cikin kwana ɗaya, don haka sai a tambayi direbobin da suka fito daga can jiya ko yau, musamman a tashar Muna da ke Maiduguri inda motocin Dikwa da Gamboru suke lodi. A tambaya ko hanya a buɗe take, ko ana jiran rakiya, da kuma lokacin da ake rufe shinge. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, lokaci. A bar Bauchi da asuba, a shiga Maiduguri rana na sama. Idan mota ta lalace ko aka makara, a kwana Potiskum ko Damaturu, kada a kwana a bakin shinge ko a ƙauyen kan hanya. Da damina kuma a tuna ƙasar Dikwa da Ngala baƙin laka ce mai riƙe taya, motar da ta kafe a daji kuwa ta zama abin farauta.

Na uku, ayari. Idan hukuma ta ce a jira rakiya, a jira, ko da kwana nawa ne. Kada mota ta fita daga layi, kada ta sauka daga sawun ta gabanta, kada kuma fasinja ya kutsa daji don kama ruwa. Direban da ya ce ya san wata ɓarauniyar hanya mai sauri, a sauka daga motarsa tun a tasha.

Na huɗu, takardu. Kamaru da Cadi ba sa cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka wanda ya saba shiga Kwatano ko Accra kada ya zaci abin ɗaya ne. Ya riƙe katin ɗan ƙasa da fasfo da katin allurar shawara, ya bi ta kan gada, ta gaban ma'aikatan shige da fice da na kwastan. Da rani ruwan El Beid yakan ja baya, har yara su ce za su haye da mutum ta wani mashigi a kan kuɗi kaɗan. Wanda jandarmomi suka kama a irin wannan wuri, ba shi da bakin bayani. Sefar Kamaru da Cadi kuma dabam take da ta Nijar da Binin, sai a lura wajen canji.

Na biyar, kaya. Kada a karɓi saƙon da ba a ga cikinsa ba, ko daga wa ya fito. A shekarun yaƙin nan soja sun sa ido ƙwarai a kan man fetur a jarka da takin zamani, domin da su mahara suke amfani, sai a tambayi abin da aka hana kafin a yi lodi. Mai sayen shanu ya tabbatar da asalinsu a gaban shugabannin kasuwa, gama a 2016 gwamnatin Barno ta rufe wasu kasuwannin shanu saboda dabbobin sata da ake shigarwa. Kuɗi masu yawa kuwa a tura ta banki, kada a ɗaure su a ƙugu.

Na shida, hali a shinge. A sauko idan an ce a sauko, a amsa abin da aka tambaya, kada a ɗaga murya. Kada a ɗauki hoton soja ko gada ko bariki da waya. Sojan da ya kwana yana jiran hari ba shi da haƙurin gardama.

Na bakwai, masauki. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Kada mutum ya shiga Gamboru ko Fotokol sai ya san gidan da zai sauka, da wanda zai tsaya masa idan an tambaya. Ya gama abin da ya kawo shi da hantsi, ya guji tsayuwa a kan gada da cunkoson kasuwa ba dalili, kada kuma ya faɗa wa kowa ranar komawarsa sai mai masaukinsa.

ABIN DA ZA A BARI A BAYA

Saura magana guda, mai nauyi, wadda ba a son ji. Wanda zai yi wannan tafiya ya sanar da sarkin Hausawan unguwarsa ko shugaban ƙungiyar sana'arsa. Ya bar wa iyalinsa lambar motar da ya shiga da sunan mai masaukinsa, su kuma yi alkawarin lokacin da zai riƙa bugo waya, tare da sanin cewa akwai wuraren da waya ba ta shiga, don kada hankali ya tashi a banza. Ya rubuta bashin da ake binsa da wanda yake bi, a gaban shaidu biyu. Yin haka ba ya jawo mutuwa, rashin yinsa kuwa ya sha jefa marayu cikin shari'a da abokan cinikin ubansu. Zuwan farko kuma kada a tafi da mata da ƙananan yara, sai maigida ya gano wa idonsa tukuna.

Su kuma mazauna Kurmi da ɗan'uwansu ya yanke shawarar fasa tafiya, kada su yi masa gori. Wanda ya tafi kuwa, su riƙa leƙa gidansa har ya dawo.

Allah Ya kai kowa lafiya, Ya komo da shi lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan wannan hanya, Ya kuma zaunar da Barno da ƙasa baki ɗaya lafiya. Wassalamu alaikum.