Ranar da Muka Taka Othello da Hausa



Waye a cikinku ya yi adabin Turanci a sakandare? A 2016, muna shirin WAEC, Othello na Shakespeare aka ɗora mana. Wallahi Turancin nan kamar ba Turanci ba. Hadda kawai muke yi, mu juye a takarda, mu manta.

Rannan malamarmu ta ce mu ture kujeru, mu taka wasan da Hausa. Ni aka ba Iago, munafukin da ya yi ta zuga Othello har ya yarda matarsa Desdemona tana cin amanarsa. Hujjar me? Hankici ɗaya! Bai yi wani bincike ba, ya kashe ta.

Aji ya yi tsit. Can wata ɗaliba ta ce, "Malama, haka auren yayata ya mutu. Hoto ɗaya aka tura wa mijinta."

Ranar ce na fahimci littafin, kuma har yau ban manta shi ba.

To ƙannena masu jarrabawa bana, wasan kwaikwayo don a taka shi aka rubuta shi. Ku raba wa juna sunaye, ku tashi ku taka shi da harshenku, sannan ku koma kan Turancin. Ku wane wasa aka ɗora muku?